Ƙara Biyu Ta Katse

Shafi na 19

Wannan shafin na masu tambayar inda kiran shagon Fintan yake tafiya ne. Yau za ku ji, amma ba zai yi muku daɗi ba.

*

Wayar tebur ta ɗauki ƙara.

Orla na tsugunne a bakin ƙofar shago tana jera sifana a akwatin aiki, ta ɗago da sauri. Mahaifinta Fintan na kan kujerarsa a bayan kanta, inda yake wuni tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi a watan Afrilu. Ta ga ya zabura. Hannun dama ne ya fara motsi, don shi ya saba, shekara arba'in shi ke ɗaga wayar nan. Ya tsaya a hanya kamar an ɗaure shi da igiya. Kafin ya tuna da na hagu, ta yi ƙara ta biyu.

Ɗif.

Duk da haka ya ɗaga ya kara a kunne.

"Gil... Gilsenan, masu gyaran hita."

Babu kowa sai kukan layi.

Ya daɗe riƙe da ita kafin ya mayar. Bai kalli Orla ba.

"Na huɗu ke nan yau," ya faɗa, harshensa na jan kalmomin da ƙyar. "Ko ƙarfe tara ba ta yi ba."

"Baba, da ka bari na ɗauka..."

"Kar ki soma."

Ta koma kan akwatin aikinta. Dokar da ya kafa ke nan ranar da aka sallamo shi daga asibiti: ita ta riƙe mota da sifana, shi ya riƙe waya. Likita ya hana shi tuƙi, ya hana shi hawa tsani, ko bokiti an ce kar ya ɗaga. Wayar nan kaɗai aka bar masa. Tsohuwa ce mai igiya, ko lambar mai kira ba ta nunawa, marigayiya mahaifiyar Orla ce ta sayo ta, shi kuma ya rantse ba mai canja ta yana raye.

"Mutanen yanzu ba su da haƙuri," Orla ta ce tana ƙaƙalo murmushi. "Ƙara biyu sun katse, kamar wuta ta kama musu wando."

"Ba su ba ne. Ni ne." Ya dubi hannun da ke kwance kan cinyarsa. "Sanyi ya shigo, gari na neman mai gyara, ni ina zaune ina korar su ɗaya bayan ɗaya. Ni na gina shagon nan, ni kuma zan binne shi."

"Don Allah ka daina faɗin haka."

"Je ki aikinki. Guda nawa ne yau?"

"Biyu."

Nuwamba, aiki biyu. Bara war haka a tsaye take cin abincin rana.

Ta sumbaci goshinsa, ta gyara masa bargon ƙafa, ta fice kafin ya ga idonta.

*

Tana buɗe ƙofar mota ta ji an kwaɗa mata kira daga tsallaken titi.

"Orla Gilsenan! Tsaya nan. Kar ki shige motar nan ki yi kamar ba ki gan ni ba."

Misis Bridie Tuohy ce, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, daga cocin safe take, lema a hannu ɗaya, ɗayan na jan kwandon cefanenta mai taya. Ta tsallako ba ta duba hagu ba, ba ta duba dama ba, motoci ne suka tsaya mata.

"Ina kwana, Misis Tuohy."

"Riƙe gaisuwarki. Fushi nake da ku, daga ke har ubanki."

"Me muka yi?"

"Au, tambaya ma kike? Shekara talatin da ɗaya Fintan na shiga ɗakin girkina. Ya san inda nake ɓoye makulli. Ya san ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta take buɗuwa. Ran Litinin hitata ta mutu, na kwana da rigar sanyi uku kamar albasa, da safe na buga muku, sai ku turo min wani ƙato da zane har wuya. Na ce ga shayi, ya ce ba ya sha. A gidana! Yesu, Maryamu da Yusufu, tun da aka kawo ni gidan nan amarya ba a taɓa ƙin shayina ba."

Orla ta saki murfin motar.

"Mu ba mu tura kowa ba."

"To aljani ne ya zo?"

"Wace lamba kika buga?"

"Wace lamba kuwa? Wadda ubanki ya manna a jikin tukunyar hitar da hannunsa. Na haddace ta fiye da ranar haihuwata. Kuma kin san abin da ya fi min ciwo? Da ƙaton ya gama, sai ya sa farce ya ɓare sitikar ubanki, ya manna tasu a kai. Ina tsaye ina kallo. Na tsince ta a kwandon shara, ga ta nan."

Ta zaro ta daga jaka, a dunƙule, launin ruwan ƙwai ya koɗe. Orla ta san sitikar nan tun tana ƙarama, ita ke ɓare wa mahaifinta bayanta yana mannawa. Babu gidan da ke da hita a garinsu Nenagh da ƙauyukansa da ba a samun irinta.

"Ba ni kaɗai ba ce fa," tsohuwar ta sassauta murya, idonta na sheƙi da daɗin labari. "Gidan Fadan cocinmu ma su suka je. Da gidan burodi. Magana na yawo cewa kun sayar da shagon kuna jin kunyar faɗa. Ni dai na ce ƙarya ne, Fintan zai fi yarda ya sayar da ƙafarsa mai lafiyar."

Orla ta karɓi sitikar ta cusa a aljihu.

"Misis Tuohy, don Allah kar Baba ya ji wannan maganar. Ki ba ni yau kawai."

"Ni? 'Yar nan, bakina kabari ne."

Kaf Nenagh an san kabarin nan ba shi da murfi. Amma Orla ba ta da lokacin roƙo.

Ta shiga mota ta rufe. Daga inda take tana hango mahaifinta ta gilashin shago, ya sunkuyar da kai. Ta zaro wayar hannunta. Rabon da ta buga lambar shago har ta manta, don in tana hanya shi ke kiranta. Ta danna.

Ƙara ta farko. Ta ga ya zabura.

Ƙara ta biyu. Ta ga hannun hagu na lalube a kan kanta.

Sai wani ɗan ƙit a kunnenta, kamar an sauya hanyar jirgin ƙasa.

"Barka da safiya, sashen gyaran hita ne, me ya lalace?"

Muryar mace ce, sumul, irin ta masu karanto magana daga takarda. A cikin shago kuwa, Fintan ya ɗaga wayar, bakinsa na motsi, yana faɗa wa iska sunansa.

"Shagon Gilsenan nake nema," Orla ta ce.

"Kin zo daidai, madam, mu ke karɓar aikinsu. Adireshinki?"

"Fintan nake so."

"Ayya. Ai an ce mana dattijon ya ajiye aiki. Amma muna da ƙwararru..."

Ta katse.

Ta gilashi ta ga mahaifinta ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya dube shi, ya sake shi ya faɗi kan cinya.

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da hannun riga, ta tada mota.

*

Minti arba'in ne zuwa birnin Limerick, inda ofishin su saurayinta yake, ruwa na zuba tun daga fitarta. Duk hanya abu ɗaya ke dawo mata: teburin ɗakin girki a watan Yuni, da Lorcan, saurayin da za ta aura a watan Mayu, zaune da kwamfutarsa a buɗe.

"Zamanin sitika ya wuce, masoyiyata," haka ya ce mata a ranar. "Yanzu wanda hitarsa ta mutu waya yake ɗauka ya rubuta mai gyara kusa da ni. Sunaye uku ne ke fitowa a sama. In ba kya cikin ukun nan, daidai kike da wanda bai taɓa buɗe shago ba."

Aikinsa ke nan, a kamfanin da ke tallata ƙananan sana'o'i a intanet. Ya yi musu shafi mai kyau, ya sa shagon a taswirar intanet, ya bi tsoffin kwastomomi suka ba da taurarin yabo biyar-biyar. Abu ɗaya ya rage, in ji shi: a mayar da lambar shago cikin na'urar kamfaninsu, don a riƙa ƙirga kiran da talla ya kawo. Lambar ba za ta canja ba, wayar tebur za ta ci gaba da ƙara yadda ta saba. Takarda shafi bakwai. Mahaifinta na kwance asibiti, ita ke riƙe da ikon sa hannu. Duk inda yatsan Lorcan ya nuna, nan ta sa.

Ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Fuskarsa take kallo.

*

Ofishin na hawa na uku, bango duk gilashi, kujeru kala-kala kamar makarantar yara. Ta shiga da rigar aikinta mai maiƙo, takalminta na zubar da ruwa a kan kafet. Kawuna suka ɗago.

Lorcan ya taso da sauri, murmushinsa ya mutu a rabin hanya.

"Orla? Lafiya? Baba ne?"

"Kar ka kira shi Baba."

Ya waiga ya dubi abokan aikinsa, ya kama gwiwar hannunta. Ta fizge. Ya buɗe ƙofar bene ta baya, suka fita inda ba kowa sai sanyi da warin fenti.

"Me ya faru?"

Ta ɗora masa dunƙulalliyar sitikar a tafin hannu.

"Na buga lambarmu yau."

Ya dubi sitikar da ke tafinsa.

"Wata ta ɗauka ta ce min ubana ya ajiye aiki. Ina kallonsa ta gilashi lokacin da take faɗa. Da zan sake bugawa ka ji da kunnenka, amma na san wanda zai zabura."

"Ki tsaya na yi miki bayani."

"Shi na zo ji."

"Yana cikin yarjejeniya. Shafi na biyar. Duk kiran da ba a ɗauka ba, kamfani na da ikon miƙa shi ga wani mai gyara, don kar mai kira ya zauna cikin sanyi. Kowa haka ake masa, Orla, ba ku kaɗai ba. Masu famfo, masu makulli, kowa."

"Ka taɓa gaya min?"

"Na ce ki karanta."

"Ka ce na karanta kana sumbatar wuyana."

Ya sunkuyar da kai.

"To na ji," ta ce. "Kowa haka ake masa. Ƙara nawa ake ba kowa kafin kira ya tsallake?"

Ya juya sitikar a hannunsa.

"Lorcan. Ƙara nawa?"

"Takwas."

"Mu fa?"

"Orla, mu je wani wuri mu zauna, kin jiƙe, jikinki rawa yake..."

"Mu fa?"

"Biyu."

Ta jingina da bango.

"Na'urar ce ta mayar da kanta?"

"A'a."

"Oganka ne?"

Ya girgiza kai. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

"Ni ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan fuskar da ta sani tun suna makarantar sakandare, wannan ɗan tabon a haɓa da ya samu a filin wasa. Ta nemi baƙo a cikinta ba ta gani ba, shi ne dai, Lorcan ɗinta, kuma abin da ya fi ƙona ta ke nan.

"Nawa suka ba ka?"

"Ko sisi! Na rantse da kabarin mahaifiyata, ko sisi."

"To don me?"

"Don ke!"

Muryarsa ta daki bangon benen ta dawo.

"Kin manta watan Agusta? Ni ban manta ba. Aikin mutum biyu kike yi ke kaɗai, ki dawo ki yi masa wanka, ki ba shi abinci a baki. Kika yi barci a kan sitiyari a hanyar Borrisokane, mota ta faɗa kwalbati. Ni aka kira. Ni na ga jini a gashinki. Na durƙusa a asibiti na ce ki rufe shagon nan kafin ya kashe ki, kin tuna abin da kika ce min?"

"Na ce sai dai a rufe da gawata."

"To ni ba gawa zan aura ba!" Ya share fuska da bayan hannu. "Washegari na zo nan na buɗe shafinku. Ɗan akwati ne kawai, an rubuta takwas a ciki. Na goge na rubuta biyu. Na ce aiki zai ragu ki samu barci. In ya ragu sosai, ki rufe da kanki, ba wanda ya tilasta ki, ki dawo nan mu zauna kamar mutane. Shi kuma ya huta. Ba cutar da ku na nufa ba."

"Me ya sa biyu?"

"Me?"

"Me ya sa ba huɗu ba? Me ya sa ba uku ba?"

Ya kawar da kai.

"A ta biyar yake kaiwa," ya faɗa can ƙasa.

"Ta ina ka sani?"

"Orla..."

"Ta ina ka sani?"

"Na ƙirga. Ranakun da nake zuwa cin abinci, in ta yi ƙara ina ƙirgawa. Wani lokacin ta huɗu, in ya tashi da ƙarfi. Na ce biyu ba zai taɓa kaiwa ba."

Wata irin dariya ta fito mata, mai kama da tari.

"Kana yanka masa nama a faranti kana ƙirgawa."

"Kar ki faɗe shi haka."

"Yana kiranka ɗana kana ƙirgawa. Ka san me yake yi da yamma, bayan na rufe shago? Atisaye. Ya ajiye cokali a kan tebur, ya ce na ce masa 'yanzu', ya kai hannu ya cafke. Sau hamsin. Har zufa ta jiƙa masa riga. Wata uku ke nan yana tsere da abin da ka tabbatar ba zai kama ba. Yau da safe ya ce min shi ne zai binne shagonsa."

Lorcan ya zame ya zauna a kan matakala, ya dafe kai da hannu biyu.

"Ban san yana yi ba."

"Ba ka tambaya ba. Tashi. Ka koma ciki ka goge biyun ka rubuta takwas. A'a, ka bar ta ma. Na fasa yarjejeniyar gaba ɗaya, ku ba mu lambarmu, ku riƙe taswirarku da taurarinku."

Bai motsa ba.

"Ba ka ji ni ba?"

"Lambar ba taku ba ce."

"Ka ce me?"

"Tun Yuni sunan kamfani take ɗauke da shi. Abin da kika sa wa hannu ke nan a shafi na ƙarshe. In kika fasa, ke za ki tafi, ita ta zauna."

"Lambar da ke jikin kowace tukunya a garinmu? Lambar da uwata ta mutu tana amsawa?"

"Akwai abin da ya fi wannan." Ya ɗago, hawaye na bin gefen hancinsa. "Duk wata na'ura na fitar da rahoto. Ta nuna kira goma, tara ba kwa ɗauka. A wurin oga, shagon da ba ya ɗaukar waya mataccen shago ne. Ya ba wa kamfanin Dublin ɗin da kiranku ke tsallakawa wurinsa hayar lambar ɗungurungum, da shafin, da wurinku a taswira. Daga Litinin."

"Daga Litinin me?"

"Ko ƙara ɗaya ba za ta sake yi a shagonku ba."

Yau Alhamis.

"Ban zaci zai kai nan ba, Allah ya sani. Sati biyu ke nan ina bin sa ina roƙo. Ya ce lissafin na'ura ba ya ƙarya."

"Amma ya yi ƙarya. Kai ka sa shi."

"Eh."

"To shiga ka gaya masa. Ga ƙofa nan. Ka ce ba shagon ne ya mutu ba, kai ka taɓa akwatin. In ya ji haka dole ya janye."

"In na faɗa, yau zan bar ginin nan. Kuma ba kora kawai ba ce, taɓa bayanan kwastoma ne, kotu za su kai ni. Ba kamfanin da zai sake ɗaukata a ƙasar nan."

"Na ji. Shiga ka faɗa."

Ya dubi ƙofar. Ya dube ta. Ya sake duban ƙofar.

Bai tashi ba.

Orla ta ƙirga a ranta, ba ta san ma tana yi ba. Har takwas ta ba shi.

Ta kama zoben da ke yatsanta ta ja. Ya ƙi fita. Sanyi da aiki sun kumbura mata gaɓa, ta murɗa, ta ja har fatar ta yi ja, yana nan daram. Takaici ya sa ta dunƙule hannun ta cusa a aljihu.

"Ki ba ni zuwa gobe," ya ce. "Orla, don Allah. Ina sonki. Duk abin da na yi..."

"Na sani," ta ce. "Shi ne abin tsoron."

Ta sauka benen, hawa uku, ba ta waiga ba.

*

Ba ta je aikin ko ɗaya ba. Ta tsaya a gefen hanya ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta zauna tana jera kalmomin da za ta faɗa masa. Baba, ba hannunka ba ne. Nan ɗin mai sauƙi ne, zai ma ji daɗi. Abin da ke biye ne ta kasa. Duk ta inda ta ɓullo, ƙarshen maganar ita ce zaune a teburin girki da biro a hannu.

Ta yanke shawarar za ta ce laifin kamfani ne. Kamfani kawai. Sauran ta bari sai ya ƙara ƙarfi.

Ƙarfe uku da rabi ta shigo layinsu, gari ya riga ya fara duhu da hadari. Tun daga nesa ta hango kwandon cefane mai taya a jingine a ƙofar shago, da lema a kansa.

Ta rufe ido.

Ta tura ƙofa. Misis Tuohy na zaune a kujerar kwastomomi da kofin shayi a cinya, tana ganinta ta miƙe tsaye har shayin ya zube.

"Ni fa gaisuwa kawai na shigo yi, 'yar nan. Allah ne shaidata. Shi ya tambaye ni lafiyar hitata, to ƙarya zan yi wa mara lafiya?"

Orla ba ta ko kalle ta ba.

Fintan na zaune a miƙe, yadda ba ta ga ya zauna ba tun Afrilu. Wayar hannun tsohuwar ce a kunnensa, ya riƙe da hagu. A gabansa wayar tebur na ƙara.

Ɗaya.

Bai kai hannu ba. Kallonta kawai yake.

Biyu.

Ɗif.

Shagon ya yi tsit, har Orla na jiyo siririyar muryar matar nan daga cikin wayar. Barka da yamma, sashen gyaran hita ne, me ya lalace?

"Wane shago ne nan?" ya tambaya, a hankali, kowace kalma da nauyinta.

Ya saurara.

"Fintan fa?"

Ya saurara.

"To. Allah ya ba shi hutu mai daɗi."

Ya ajiye wayar a kan kanta, a hankali, kamar ƙwai. Ya ɗago hannun daman da na hagu ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ba kai ba ne," ya ce da hannun. "Wata uku ina zaginka."

"Baba..." Orla ta matso, ta durƙusa a gefen kujerar. "Kamfanin ne. Kamfanin tallan nan ne, sun yi wata dabara, zan kai su ƙara, zan..."

"Bridie, ja mana ƙofa in kin fita."

Tsohuwar ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Karo na farko a tarihin garin ta fita ba ta ce uffan ba.

Ya jira har ƙarar tayoyin kwandonta ta ɓace.

"Shekarar da aka haife ki," ya ce, "wasu 'yan kamfanin waya suka zo da kwat da jaka, suna son na koma layinsu. Sau uku suna zuwa. Mahaifiyarki ta tambaye su, in mun ƙi fa, za ku iya ɗauke lambar? Suka ce a'a, madam. Lamba ba ta motsi daga inda take sai mai ita ya sa hannu."

Ya dubi hannunsa na dama.

"Ni rabona da riƙe biro tun Afrilu."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, idon nan mai lafiya da wanda ya ɗan faɗa, duka a kanta.

"Orla. Wa ya sa musu hannu?"